Mariƙin Bitas na Taraktar Alakos

Jiya na ji ɗayanku yana cewa wai cire mariƙi daga kan lebiye ba aiki ba ne, ko mai sayar da shayi zai iya. A lokacin hannuna na cikin mai. Yau da babu mota ko ɗaya a garaji, ku jawo bencin nan cikin inuwa ku zauna. Kun yi lakkwal, makarantar boko, kun zo da takardunku, kun san sunayen ƙarafa da Faransanci fiye da ni. Amma akwai abin da ban ga alamar an gaya muku a can ba.

Ni Bukar, a nan Gure aka haife ni, kuma na haura shekara talatin ina gyaran tarakta. Lebiye dai kun san shi, sandar ƙarfen nan da direba ke turawa. A tarakta ba ɗaya ba ne. Akwai na bitas, wato na canja giya, akwai na zomo da kunkuru mai sa ta gudu ko ta ja a hankali, akwai na ɗaga garma, akwai wasu ƙanana a gefe. A kan kowanne akwai mariƙi, dunƙulen baƙar roba mai tauri kamar ƙwallon goruba. A gindin lebiyen bitas kuma akwai wata rigar roba mai laushi da ke hana yashi gangarawa cikin buwat, wato akwatin da haƙoran bitas ke juyawa a ciki. Ranar ƙasarmu ba ta barin wannan riga ta daɗe, sai ta bushe ta tsage. Da ta tsage yashi ya samu ƙofa. Rigar kuwa ba ta fita ta ƙasa, sai ta sama, kuma mariƙi ya fi bakinta faɗi. Haka farantin ƙarfen da direba ke takawa, ba ya ɗaguwa sai mariƙai sun fita. Saboda haka kusan duk aikin da za ka yi a tsakiyar tarakta, da mariƙi kake farawa.

Aikin farko da aka bar ni na taɓa, taraktar wani manomi ce daga Gidigir. A lokacin ina ɗan shekara ashirin, na bar lodin kanwa a tasha na koma wajen Ba Kiyari, mutumin Bune, wanda ya koyi aiki a Damagaram ya dawo ya kafa rumfa a bakin hanyar Difa. Na yi wata shida ba abin da nake sai wanke ƙarafa da gazuwal, man da tarakta ke sha. Ran nan ya ce in hau in cire mariƙin bitas. Na miƙa hannu zan ɗauki kile, wato sufana, sai ya taka shi da ƙafa, ya jefo mini tsumma.

"Goge shi tukuna," in ji shi. "Ka dube shi ta sama, ka dube shi ta ƙasa, sannan ka gaya mini wane iri ne."

Na goge, na duba, na ce, "Ba Kiyari, mariƙi ne."

Bai yi dariya ba. Ya hau, ya sa farce a ƙarƙashin ɗan murfin da aka zana lambobin bitas a kai, ya ɓalle shi. A ciki akwai 'yar bis, ƙusa mai zare, a ɓoye. Da na sa ƙarfi na murɗa, da na fasa mariƙin gida biyu. Ya kwance ta a hankali, mariƙi ya fito a hannunsa kamar an ɗauke hula.

Daga ranar ya yi ta nuna mini su ɗaya bayan ɗaya, duk sa'ad da wata tarakta ta shigo. Wani mai zare ne, ana murɗa shi kamar murfin kwalba, shi ne mai sauƙi, shi ne kuma ke ruɗin mutane su ɗauka duka haka suke. Wani bis ɗinsa a gefe take, datti ya toshe raminta, sai ka tona da allura kafin ka san tana nan. Wanda ya fi ba da wuya shi ne wanda aka danna da inji tun daga inda aka ƙera taraktar. Ba shi da zare, ba shi da bis. Shi ba a murɗa shi ko kaɗan, sama ake jan shi. Ba Kiyari yakan sa a ɗora butar shayi, idan ruwa ya tafasa ya naɗe mariƙin da tsumma ya dinga tsiyaya ruwan a kai har robar ta saki. Sannan ya zura kile mai buɗaɗɗen baki a ƙarƙashinsa, ya dinga bugun kilen daga ƙasa da ƙaramar guduma, kaɗan-kaɗan, yana zagayawa. Ba ya ɗaga hannu sama da tsawon yatsa. Mai tarakta yana tsaye yana huci, shi kuwa ko kallonsa ba ya yi.

Masu tarakta ke nan. Ban taɓa ganin wanda ya zo ba ya sauri ba. Kuma idan bai ga kana gumi kana buga babbar guduma ba, gani yake ba ka yi komai ba. Direbobi su ma da nasu. Idan mariƙi ya ɓace musu sai su cusa duk abin da suka samu. Na cire ƙwallon goruba na gaske daga kan lebiye, na cire guntun muciya, na taɓa cire wanda aka cusa laya a cikinsa, mai shi ya tsaya a kaina har na mayar masa da ita yadda take.

Akwai wani aiki da na yi a shekarata ta biyu. Na cire mariƙi, na canja riga, na mayar, amma ban kula ba na juya lambobin suka kalli baya. Direban bai iya karatu ba, zanen kawai ya haddace. Ya hau, ya bi zane, ya sa abin da yake tsammani gaba ne, tarakta ta yi baya ta rushe dangar maƙwabcinmu. Ba Kiyari ya sa ni na kwana biyu ina gyaran danga. Daga nan ya ba ni alli, ya ce duk mariƙin da zan cire in fara ja masa layi ta gefen da ke kallon gaba. Har yau da alli a aljihuna.

Shekara goma sha ɗaya na yi a ƙarƙashinsa. Da idonsa ya raunana ya koma Bune, ya bar mini rumfar da akwatin kayan aikinsa. Daga nan har Gidigir, har arewa, in tarakta ta tsaya ni ake kira. Na kai matsayin da ina hango tarakta daga nesa in faɗi ciwonta. A wannan lokaci ne abin da zan ba ku labari ya faru.

A shekarar an yi damina mai kyau ƙwarai. Ciyawa a arewa ta kai ƙugun mutum. Ku da kuka tashi a cikin gari kuna ganin wannan alheri ne kawai. Alheri ne, amma da ruwa ya ɗauke ciyawar ta bushe, guntun garwashi ɗaya da matafiyi ya bari ya isa ya cinye abincin dabbobi na shekara. Shi ya sa ake buɗe layin tare wuta. Tarakta ke jan garma ta kife ciyawa, ta bar fili tsirara mai faɗi, dogo daga wannan rijiya zuwa wancan tudu. Wuta in ta iso nan ba ta samun abin ci, sai ta mutu.

Makiyayan wani yanki na Alakos, can arewa, suna da ƙungiya, kuma suna da tarakta guda ɗaya tak, wadda wani puroje, wato shirin tallafi, ya bar musu da ya tashi. Shugabansu Alhaji Maina, dattijo mai raƙuma, ba ya yawan magana. Direbansu Isufu, magidanci mai 'ya'ya huɗu, mutum mai kula da inji, irin wanda ke goge tarakta da rigarsa. Sun yi kwanaki suna jan layi, saura tafiyar da ba ta fi ta rabin awa a ƙafa ba su haɗe shi da tudu, sai lebiyen bitas ya fara ƙin shiga. Aka aiko mai babur ya ɗauke ni.

Mun isa da azahar. Tarakta na tsaye a gindin aduwa, mutane kamar goma na zaune kewaye da ita. Isufu ya nuna mini rigar robar, ta tsage har gindi, yashi ya cika wurin da lebiye ke motsi. Ƙaramin aiki ne. Da sabuwar riga a jakata.

Ina buɗe jaka Alhaji Maina ya dafa kafaɗata, ya nuna gabas da sandarsa. Can ƙarshen gani akwai wani siririn hayaƙi a tsaye.

"Malam Bukar, ka gan shi? Kwana biyu ke nan yana nan. Iska ce ba ta taso ba. Ina so kafin la'asar motar nan ta koma bakin aiki."

Na ce, "In sha Allahu, Alhaji, ba za mu kai la'asar ba."

Isufu ya ce, "Malam, in ɗora ruwan zafi?" Ya taɓa ganina ina yi a Gure.

Na ce masa ba sai an ɗora ba.

Ga dalilina. Taraktar ja ce, ƙirarta irin waɗanda na yi wa aiki sau ba adadi, kuma dukansu mariƙinsu mai zare ne. Ban tsaya na lura cewa wannan daga wata ƙasa dabam aka kawo ta ba, kamanni ne kawai. Sannan Isufu ya sa baduku ya ɗinke mariƙin da fata saboda zafin rana, ba a ganin komai nasa. Abin da ya kamata in yi shi ne in farke ɗinkin in duba. Ban farke ba. Na murɗa da hannu, ya ƙi. Na ce tsatsa ce. Na ɗauko kile mai haƙori na kama shi, ya ƙi. Na zura guntun bututu a kan kilen don in ƙara ƙarfi, na ja.

Sai na ji ƙas. Ba ƙara mai ƙarfi ba, kamar an karya tsinken ashana. Mariƙi ya juya kamar faɗin yatsa, amma tare da lebiyen ya juya.

Ku saurara, nan ne wurin. Gindin lebiye dunƙule ne, yana zaune a cikin wani ƙoƙo na ƙarfe, kuma akwai wata 'yar ƙusa da ta ratsa ƙoƙon ta shiga jikinsa. Ita ke barinsa ya yi gaba da baya, hagu da dama, amma ta hana shi juyawa. Duk ƙarfin da ka sa wajen murɗa mariƙin da ba na murɗawa ba, gangarawa yake ya sauka a kanta. Ita na karya. Rabi ya tsaya a raminsa, rabi ya faɗa ƙasa cikin buwat.

Babu wanda ya ji sai ni. Na ajiye kilen, na ce wa Isufu ya ɗora ruwan. Na farke fatar, na zuba ruwa, na buga daga ƙasa, mariƙi ya fito. Na share yashi, na sa giris, na sa sabuwar riga. Ina aiki ina lissafi a raina. Idan zan ciro guntun ƙusar sai na ɗaga murfin buwat, na tsiyaye mai, na yi lalube. Aikin yini guda ne cur, kuma ban zo da wata ƙusar ba. Ga hayaƙi a gabas. Na taɓa buɗe buwat na tarar da guntun ƙarfe kwance a ƙasan mai shekara da shekaru bai taɓa komai ba. Na ce wannan ma zai nutse ya kwanta. Ragowar rabin kuma zai riƙe lebiye na kwana biyu, su gama layi, in dawo in gyara a natse.

Lissafin ba na hauka ba ne. Laifin shi ne ni kaɗai na yi shi. Da na faɗa, da Alhaji Maina ne zai zaɓa, ko a tsaya a buɗe, ko a ci gaba a hankali a bitas ɗaya ba tare da canjawa ba, ko a tara mutane su ƙarasa layin da fartanya. Ciyawarsu ce. Na zaɓar musu ban gaya musu ba.

Isufu ya hau, ya tayar, ya gwada bitas. Ya dube ni.

"Malam, kamar yana ɗan rawa."

Na ce, "Sabuwar roba ce, zai zauna."

Ya gyaɗa kai, ya ja garma ya tafi. Aka yi mini godiya, aka ba ni nono na sha, mai babur ya maido ni Gure.

Kwana uku bayan haka, ranar kasuwa, labari ya iso. Washegarin tafiyata, da hantsi, guntun ƙusar ya shiga tsakanin haƙora. Tarakta ta yi ƙara ta cije a tsakiyar layi, lebiye ya dinga juyawa a hannun Isufu kamar muciya a tukunya. Kafin su gama shawarar abin yi iska ta taso. Wuta ta zo ta bi layin tana mutuwa, har ta kai inda garma ta tsaya, ta shiga ta wannan ƙofa.

Suka sake aiko mini, don babu wani mai gyaran tarakta kusa sai an je Damagaram. Tun kafin mu isa ƙasa ta koma baƙa, daga tudu zuwa tudu. Itatuwan ƙaya na tsaye suna hayaƙi, shirwa na ta shawagi. Ba a rasa rai ba, sai 'yan awaki da maruƙan da ba a samu korawa ba. Maza da mata sun yini suna dukan wuta da rassa har suka tare ta ta yamma. Amma ciyawar da za ta riƙe dabbobin yankin har wata damina ta tafi. Taraktar kanta ba abin da ya same ta, tana tsaye a kan filin da ta share.

Na tarar an karɓe makulli daga hannun Isufu. Mutane sun gan shi yana dukan lebiye da ƙafa sa'ad da ta cije, sai magana ta zama shi ya karya ta da gaggawa da rashin iya tuƙi. Yana zaune can gefe shi kaɗai, gashin girarsa duk ya babbake. Duk da haka da na fara aiki ya taso ya kama mini, don ba wanda ya san inda ake riƙewa sai shi.

Muka cire mariƙai duka, kowanne ta hanyarsa, muka ɗaga faranti, muka ɗaga murfi. Na tsiyaye mai a cikin daro. Haƙora biyu sun karye. Na ɗaure maganaɗisu a bakin waya na zura ƙasa, na yi ta yawo da shi, na jawo. Ga gutsattsarin haƙora, ga guntun ƙusar manne a tsakiyarsu. Na goge shi na duba bakin karayar. Ƙarfen da duka ya karya da wanda murɗiya ta karya ba su kama da juna, na murɗiya bakinsa a karkace yake kamar an yanke igiya. Duk ɗan sana'a zai gane. Amma a wurin ba wani ɗan sana'a sai ni.

Alhaji Maina ya sunkuyo ya ce, "Mene ne wannan?"

Na ce, "Ita ce ta shiga cikin haƙora, Alhaji."

"To me ya karya ta? Dukan da ya yi da ƙafa?"

Mutane sun matso. Isufu na riƙe da daron mai, bai ɗago kai ba. Na san in na ce e, magana ta ƙare, ba mai musa mini har abada.

Na ce, "A'a, Alhaji. Ni na karya ta, ranar da na zo. Na murɗa abin da ba a murɗawa."

Alhaji ya miƙe tsaye.

"A ranar ka sani?"

"Na sani."

"Ka yi shiru?"

"Na yi shiru."

Wani magidanci ya zaburo da sanda. Alhaji bai ko waiwaya ba, ya ce masa da Fillanci ya zauna, ya zauna. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin tarakta ya jefa gaban Isufu. Isufu bai ɗauka nan take ba. Ya ajiye daron a hankali don kada mai ya zube, ya dube ni.

"Na ce maka yana rawa."

Na ce, "Ka ce."

Isufu ya ɗauki makullin. Alhaji Maina ya ce, "Ka gyara ta, tunda kai ka san inda ka ɓata. In ka gama kada in sake ganinka kusa da ita."

Sai da na je Damagaram na yi kwana huɗu ina bin masu tsofaffin ƙarafa kafin na samu haƙoran da suka dace. Na dawo muka haɗa ni da Isufu. Kwana biyu muna aiki kafaɗa da kafaɗa, ba abin da ke shiga tsakaninmu sai sunan kile da lambarsa. Da ta tashi ya ja ta ya tafi yamma, ya kewaye ɗan abin da ya rage na ciyawa. Ni kuma na ɗaure jakata.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Labari a ƙasar makiyaya kasuwa-kasuwa yake bi, kafin wata ya ƙare ya kai ko'ina. Tarakta ta daina shigowa rumfar nan. Mutumin da na yi wa aiki shekara goma sai ya wuce ta gabana da tasa a kan babbar mota, za a kai ta Damagaram. Na koma gyaran injin niƙa, da injin ban ruwa na masu lambu a kwari, da ɗinkin ƙafar amalanke. Sai da aka yi damina biyu kafin wani ya sake amincewa ya kawo mini tarakta, shi ma don tasa ta mutu a bakin ƙofata ne. Amma nawa mai sauƙi ne. Mutanen can sun kwashi dabbobi sun yi kudu tun kafin lokaci, inda ba a san su ba, inda kowace rijiya da masu ita. Waɗanda suka tsaya kuwa, da bazara ta yi tsanani, sai ka ga shanunsu a kasuwar Gure, ƙashi da fata, wasu sai an ɗaga su da itace.

A cikin wannan bazarar ne, wata ranar kasuwa bayan azahar, ina kwance injin niƙa, wani tsoho ya tsaya a bakin rumfa. Bafillace ne, dogo, siriri, da sanda a kafaɗa da igiyar shanu a naɗe a hannu, ba komai a ƙarshenta.

"Salamu alaikum. Kai ne Bukar na tarakta?"

Na amsa, na ce ni ne. Na ajiye abin da ke hannuna na miƙe, don na ɗauka zagi ya kawo, ko abin da ya fi zagi. Sai ya zauna a kan tsohuwar taya ya ce in ba shi ruwa. Na ba shi, ya sha, ya zuba saura a fuska.

Ya ce sunansa Buba, a rijiyar da wuta ta shiga nan yake kiwo tun yana saurayi. Ya ce yau ya sayar da wata saniya, ita ce ta ƙarshe a zuriyar wadda mahaifiyarsa ta ba shi. Ya faɗe shi kamar mai ba da labarin hanya, ba ɗaga murya.

"An ce mini wani ƙarfe ne ya tsayar da motar. Ranar da ka ciro shi ba na nan, na tafi neman inda zan kai dabbobi. Yana wurinka?"

Yana nan. Na jefa shi cikin gwangwanin tumatir da nake tara ƙananan ƙarafa. Na zazzage a ƙasa na tsinto shi na miƙa masa. Ya ɗora a tafin hannu, ya kai kusa da ido. Bai kai ƙwallon dabino ba.

"Wannan ne?"

"Shi ne, Baba."

"Na ɗauka babba ne."

Ya ce in nuna masa yadda aka yi ya karye. Akwai wani tsohon lebiye a jefe a gefen rumfa, na ɗauko na nuna masa ƙoƙon, da ramin ƙusar, da yadda na kama mariƙi da kile na ja. Na nuna masa kuma yadda ya kamata a yi, da ruwan zafi da bugu daga ƙasa. Ya saurara sosai, har yana sa yatsa a ramin.

"Da ka dafa ruwan tun farko, da wane lokaci zai ci?"

Na ce, "Kamar a dafa shayin farko a sha."

Ya jinjina kai. Ya daɗe yana juya ƙarfen da babban yatsa. Sannan ya tambaye ni ko ina da amfani da shi, na ce babu. Ya warware bakin rawaninsa ya ƙulle shi a ciki.

"Mutanen gida suna ta tambayata me ya ci ciyawar," in ji shi. "Na ce wuta. Suka ce wuta ai kowace shekara tana zuwa, ana tare ta. Ban san abin da zan ce musu ba. Yanzu zan nuna musu."

Ya dafa sanda ya miƙe. Na ce, "Baba, ku yafe mini."

Ya tsaya, ya dubi sama ta wajen gabas, inda ko gajimare ɗaya babu. Ya ce, "Wannan sai na ga yadda damina ta yi."

Ya saɓa igiyarsa ya bi hanyar arewa a ƙafa. A shekarar an yi ruwa, ciyawa ta fito a kan toka har ta fi ta bara. Na yi ta duba bakin rumfa duk ranar kasuwa. Bai dawo ba, kuma ban sake ganinsa ba.